Ragowar zaren safa: me kuke yi da ita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu saƙa. Shekara huɗu ke nan ina saƙa safa da allura, kuma duk lokacin da na gama ƙafa biyu sai zare ya rage mini. Curi ɗaya giram 100 ne, tsawonsa kusan mita 400, safar babban mutum kuwa ba ta cin fiye da giram 65 ko 70 a hannuna. Jiya na zazzage jakar da nake tara ragowar, na ɗora a sikeli, sai ga giram 640 a ƙananan curi sama da talatin, kowanne da launinsa. Zubar da shi ba zai yiwu ba, domin zare ne mai kyau, amma babu curi ɗaya da zai isa wani abin kirki shi kaɗai. Ina roƙon wadda ta taɓa shiga wannan hali ta gaya mini abin da ta yi da hannunta, da yadda abin ya ƙare bayan an yi amfani da shi an wanke.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni bargo nake yi da nawa, kuma yanzu ina cikin shekara ta uku a kansa. Ina ɗora ido 31, wato ƙananan zobban zare, a kan allura mai kaurin milimita 2.75, ina saƙa layi biyu-biyu, a kowane layi na biyu kuma ina haɗe idanu ukun tsakiya su zama ɗaya, har ido ɗaya ya rage. Da kansa saƙin yake lanƙwashewa ya zama gida mai kusurwa huɗu, da wata jijiya da ta ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɗinki: gida na gaba daga gefen na baya ake tsinto idanunsa, 15 daga wannan, 15 daga wancan, ɗaya a kusurwa. Kowane gida bai wuce giram 3 ba, don haka har guntun da kike ganin bai kai komai ba yana da wurin zama. Na saƙa 340 zuwa yanzu.

Sai dai in gaya miki inda na yi kuskure, domin kada ki maimaita. A farko ban duba abin da aka yi zaren da shi ba. Yawancin zaren safa ulu ne kashi 75 da nailan kashi 25, kuma an sarrafa ulun yadda ba zai cuɗe ba idan ya shiga injin wanki. Ashe cikin ragowata akwai curi biyu na ulu zalla wanda ba a yi masa wannan sarrafawa ba. Da na wanke bargon, gidaje tara suka tsuke, suka yi tauri kamar tafin hannu, suka janyo na kusa da su har wurin ya tattare. Na yi kwana uku ina yanke su ina sake wasu. Tun daga ranar, duk zaren da na ɓatar da takardarsa sai na saƙa ɗan ƙyalle da shi, na cuɗa shi cikin ruwan zafi da sabulu, in ga halinsa kafin ya shiga bargo.

Amsa ta biyu:
Ni da kwarashi nake aiki. Ina haɗa zare biyu in riƙe su tare, da kwarashi mai milimita 4, kuma idan ɗaya ya ƙare sai in ɗora wani in bar ɗayan ya ci gaba. Ta haka launi ba ya sauyawa farat ɗaya, a hankali yake narkewa cikin na gaba. Hula biyu da mayafin wuya ɗaya na samu, kuma aikin ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Amsa ta uku:
Malama, kafin ki zuba duka a bargo, ki ware giram 5 daga kowane curi ki ajiye, ki rubuta safar da ya fito daga cikinta. Safar da aka saƙa da hannu a diddige da ƙarƙashin yatsu take fara cinyewa, kuma ranar da ta huje za ki so a ce kina da ainihin zarenta. Ni ba na jira ta huje ma. Da zarar na ɗaga ta a haske na ga wurin ya yi shara-shara, sai in sa ƙwan fitilar da ya mutu a ciki, in bi kowane ido da allurar ɗinki ina maimaita shi da sabon zare. Akwai safar mahaifiyata da na gyara haka sau uku, har yau tana sawa.

Bayan wannan, ragowar da ta kai giram 20 ina yin diddige da bakin yatsu da wuyan sabuwar safa da ita, jikin kuma da wani launi. Wannan yana rage abin da sabon curi zai ci, har wani lokaci curi ɗaya ya ba ni safa ƙafa huɗu idan gajeru ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yaya, ke da kike bargo, yaya kike yi da jelar zare? Gida 340 na nufin jela 680, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na ga wasu suna ƙulla zare biyu su yanke jelar daf da ƙullin.

Amsa ta farko:
Ban yarda da ƙulli ba ko kaɗan. Wannan zaren yana da santsi, kuma na ga ƙulli ya kwance a wanki na biyar ya bar rami a tsakiyar saƙi. Ina saƙa jelar ne a ciki tun ina tsinto idanu: ina ɗora ta bisa zaren aiki a bayan saƙin har ido takwas ko goma, sannan in bar ɗan tsawo, sai bayan wankin farko in datse shi.

Amsa ta biyu:
A nan na saɓa da Yaya kaɗan. A saƙar kwarashi da zare biyu ƙulli bai taɓa ba ni kunya ba, saboda ɗayan zaren yana riƙe da wurin ko da ƙullin ya saki. A safa dai ba zan sa shi ba, domin tafin ƙafa yana jin ƙulli komai ƙanƙantarsa.

Amsa ta huɗu:
Ni safar yara nake yi, giram 20 zuwa 25 yana isar jariri. Ina auna zaren in raba shi gida biyu daidai, in fara daga yatsu zuwa sama, in tsaya inda zaren ya tsaya, don haka ban taɓa gama ƙafa ɗaya na rasa na ɗayar ba. Abu ɗaya da ya taɓa ɓata mini rai shi ne jan zare da na haɗa da fari, ya zuba a wankin farko, farin ya koma ruwan hoda. Yanzu duk launi mai duhu sai na jiƙa guntunsa na matse a farin ƙyalle tukuna. Ki kuma fitar da ragowar daga buɗaɗɗiyar jaka ki sa a abin da yake rufuwa gam, saboda asu.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na zauna yau na rarraba su: giram 90 na ware don gyara, curi shida masu nauyi na ajiye don diddige, uku da ban san asalinsu ba suna jiran gwajin ruwan zafi. Sauran na fara bargo da su, na gama gida biyu, amma kusurwar da suka haɗu ta bar ɗan rami. Yaya, daga ina daidai kike tsinto idon tsakiyar nan?