Me za mu ce wa ligament na gwiwar hannu?

Malamin Asibiti: Salamu alaikum jama'a, ranar Asabar zan yi wa masu ɗori da 'yan damben garinmu bayani a kan gwiwar hannu da take yawan gocewa bayan mutum ya taɓa faɗuwa a kanta, to na rasa me zan kira ligament, wato abar da take ɗaure ƙashi da ƙashi, da kuma aikin da ake yi in ta tsinke ta ƙi warkewa, a huda ƙashin a zura wata a madadinta. A taimaka don Allah.

Ɗan Gumel: Jijiya mana Malam.

Malamin Asibiti: Ai ta jini ma jijiya ce, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ita ma jijiya, ina cewa za a taɓa jijiya dattijo zai zaci jininsa zai tsiyaye.

Baffa Na Ringim: Ku ce agara.

Anti Nas: A'a Baffa, agara tsoka take haɗawa da ƙashi, irin ta bayan dunduniya. Ita ce ma ake cirowa daga hannun mutum ko cinyarsa a dasa masa. Likita Frank Jobe ne ya fara yi wa ɗan wasan besbol Tommy John a Amurka a 1974, kuma ɗan wasa sai ya shekara ko fiye kafin ya koma fili, a gaya wa 'yan dambe wannan tun wuri.

Malam Na Hausa: Tsirkiyar gaɓa. Na daɗe ina faɗa, tsirkiya in ta saki baka ya tashi aiki, haka gwiwa take sakwarkwacewa. Harshenmu bai gaza ba, mu ne muka raina shi muna ta aro.

Ɗan Gumel: Allah gafarta Malam yaran yanzu wa ya taɓa riƙe baka? Kuma asibiti da tiyata da kake faɗa kullum ba aro ba ne?

Malam Na Hausa: Waɗannan sun zauna ɗana. Ku da kuka yi boko kaɗan sai kunyar Hausa.

Baffa Na Ringim: Ni dai kada mutanen birni su yanka mana kalma a ofis su aiko, nan ƙauye ake Hausa.

Anti Nas: Baffa kun bar bawan Allah yana jira fa. Yaya Malamin Asibiti, ka ce jijiyar gaɓa, aikin kuma dashen jijiyar gwiwar hannu, amma ka bayyana yawanci daga jikin mai ciwon ake ɗauka, kada su zaci irin na ƙoda ne. Kuma ba kowane targaɗe ake yi wa ba, sai wadda ta riƙa kuɓucewa, ita ce ta tafiya asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Malamin Asibiti: Na ɗauki jijiyar gaɓa, tsirkiya kuma da ita zan yi kwatance. Na gode.

Malam Na Hausa: To ba laifi, amma a ajina tsirkiyar gaɓa zan ci gaba da koyarwa.