Wane faifai ne ya fara kama ku a simfonin Rashawa?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Mu da ke sauraron simfonin Rashawa a nan gida, wato dogon kiɗan nan da babbar ƙungiyar makaɗa take yi zango-zango, kusan dukanmu ta faifai ko kaset ko waya muka san shi, ba a zauren kiɗa ba. Shi ya sa nake son kowa ya faɗi abin da kunnensa ya ji masa: wane ɗauka ne ya fara kama shi, kuma me ya tarar a ciki wanda bai tarar a wani ba?

Ni dai simfoni na 6 na Tchaikovsky ne, wanda ake kira Pathétique, a hannun madugu (wato mai jagorantar makaɗa) Yevgeny Mravinsky da makaɗan Leningrad, ɗaukan da kamfanin Deutsche Grammophon ya yi a 1960 a Biyana. Na riga na ji wannan kiɗa a hannun wasu, yana da daɗi, amma daɗin kwanciya. Wannan kuwa bai bar ni na kishingiɗa ba. A zango na farko akwai inda sauti yake yin ƙasa har ka zaci ya ƙare, Tchaikovsky da kansa ya jera harafin p guda shida a takardar don a san irin shirun da yake so, sai kwatsam duk makaɗan su faɗo gaba ɗaya. A hannun Mravinsky faɗowar nan tsoro take ba ni har yau, ko da na san tana tafe. Sannan masu goge su kwasa da gudu, amma babu wanda ya riga wani ko ya makara. Ban taɓa jin mutane masu yawa haka sun zama hannu ɗaya ba.

Abin da ya fi zauna mini shi ne zango na ƙarshe. An saba rufe simfoni da murna da ganguna, Tchaikovsky kuwa ya sa kiɗan faretin a zango na uku, ya rufe da makoki mai tafiya a hankali har ya mutu a bakin manyan goge. Tchaikovsky da kansa ya jagoranci kaɗa shi karon farko a Santa Fitasbag, birnin da daga baya aka kira Leningrad, ranar 28 ga Oktoba 1893, kwana tara bayan haka ya rasu. To ku fa?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na yi karatun injiniya a Leningrad a zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da ake tura mu saboda aikin ƙarafa na Ajaokuta, kuma Allah ya nufe ni da ganin Mravinsky da idona a babban zauren nan mai fararen ginshiƙai. Dogo ne siriri, fuska ba fara'a, hannunsa da kyar yake motsi. Wani lokaci da ido kaɗai yake ba da umarni. Shekara 50 ya yi yana riƙe da makaɗan nan, daga 1938 har rasuwarsa a 1988, don haka haɗin kan da kake ji a faifan ba na wata ɗaya ba ne, na rayuwa ne.

Abin da nake so ku yaran yanzu ku lura da shi shi ne ƙahonni. Masu busa ƙaho na Sobiyet suna da wata karkarwa a sautinsu, begilarsu kuma tana da kaifi, tana huda duk sauran kayan kiɗa ta fito. Turawan yamma a lokacin suna ganin abin kamar rashin ladabi ne. Ni kuwa a kunnena wannan shi ne muryar kiɗan. Yanzu ko a Rasha ma sautin ya ragu, makaɗan duniya duk sun koma kama da juna. In kana son jin sa sosai ka nemi buɗewar simfoni na 4 na Tchaikovsky, shi ma ɗaukan 1960 ɗin, amma shi a Landan aka yi.

Faya-fayan Melodiya, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1964, suna da araha ƙwarai a wancan lokaci, ɗalibi ma yana iya saya daga alawus ɗinsa. Da su na cika akwatina da zan dawo. Kuma ku sani, bayan 1961 Mravinsky bai ƙara shiga ɗakin ɗaukar sauti ba. Duk abin da kuka ji nasa na bayan nan a gaban jama'a aka ɗauka, shi ya sa za ku ji tari da motsin kujeru. Ni tarin nan ba ya damuna. Mutanen da suka shigo daga cikin dusar ƙanƙara ne suka ajiye riguna a ƙofa, na zauna a cikinsu, na san su.

Malamar Lissafi:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa muku. Ku kun ji abin a zaure, don haka in kun sa tsohon faifai zuciyarku tana cike abin da na'ura ta rage. Mu da ba mu taɓa ji ba, abin da faifan ya ba mu shi ke nan. Wasu daga cikin tsofaffin ɗaukan Sobiyet in kiɗa ya yi ƙarfi sai sautin ya dagule, ba ka rarrabe goge da sarewa.

Nawa simfoni na 2 ne na Rachmaninoff, wanda André Previn ya yi da makaɗan London Symphony a 1973. Kafin shi na saba da wani tsohon ɗauka gajere, ina jin kamar labari ne ake ba ni ana tsallake. Ashe dai tsallaken ake yi: shekaru da yawa madugai suna yanke masa manyan sassa wai ya yi tsawo. Previn ya kaɗa shi ba tare da waɗannan yanke-yanke ba, kimanin awa guda. Sai na gane tsawon nan ba surutu ba ne, Rachmaninoff yana gina abu ne a hankali, in ka cire tsakiya ƙarshen ba ya da nauyi. A zango na uku akwai doguwar busar kilarinet, wani nau'in sarewa, da Jack Brymer ya yi, numfashi bayan numfashi ba gaggawa. Bayan rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na daɗe ban iya sauraron komai ba, wannan busar ce ta fara shiga.

Kuma idan na tuna simfonin Rachmaninoff na farko ya sha kunya a 1897 har ya yi shekaru bai iya rubuta wani abin kirki ba, sai na ƙara ganin girman wannan na biyun da ya fito a 1908.

Tsohon Injiniya:

Amin, Allah ya gafarta mata. Gaskiyarki 'yata game da dagulewar sauti, ban musa ba. Previn ma ai ya kai simfonin nan Tarayyar Sobiyet da makaɗansa kafin ya ɗauke shi. Amma wata rana ki gwada na Yevgeny Svetlanov, ki ji yadda Barashe yake ja wa waƙar nan wuya.

Ɗalibin Likitanci a Kazan:

Ni ban zo Rasha da sha'awar wannan kiɗa ba sam. Malamar da ta koya mana harshen Rashanci a shekarar share fage ce sanadi. Gab da bikin 9 ga Mayu, ranar da suke tunawa da ƙarshen yaƙi da Jamus, ta sa mana zangon farko na simfoni na 7 na Shostakovich a aji. Mahaifiyarta tana yarinya ta rayu a cikin ƙawanyar da aka yi wa Leningrad, kwana 872, daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944.

Akwai wani wuri da ƙaramar gangar soja take farawa can ƙasa-ƙasa, da wata 'yar waƙa mai sauƙi da za ka iya yin fito da ita. Sai a yi ta maimaitawa, kowane zagaye ana ƙara kayan kiɗa, gangar ba ta fasawa, har abin da ya fara kamar wasa ya zama dodo. Minti goma da wani abu ana wannan hawa. Na duba malamar, ta juya mana baya tana kallon taga.

Daga baya ta ba mu labarin yadda aka kaɗa shi a cikin birnin ranar 9 ga Agusta 1942, ƙarƙashin Karl Eliasberg. Makaɗan gidan rediyo yunwa ta kashe wasu, wasu ba sa iya ɗaga kayan busa, sai da aka ɗebo sojoji masu iya kiɗa daga bakin daga aka cike gurbi, aka ƙara musu abinci. Aka sa lasifikoki a tituna, har aka juya wasu wajen sansanin Jamusawa. Kafin nan an riga an kaɗa shi a Kuibyshev, wato Samara ta yanzu, a watan Maris, an kuma ɗauki hoton takardun a ƙaramin fim an bi da shi ta Tehran da Alƙahira zuwa yamma, inda madugu Toscanini ya kaɗa shi a rediyon Amurka a watan Yuli.

Na saurari ɗauka iri-iri tun daga lokacin. Na Leonard Bernstein da makaɗan Cikago na 1988 shi ne mafi girman sauti, a hankali yake tafiya, ƙahonninsa kamar za su rushe gini. Amma wanda nake komawa gare shi na Svetlanov ne na 1968. Bai kai wancan tsabta ba, sai dai ina jin masu kaɗawar yaƙin a gidajensu ya faru. Kuma wanda ya tsaya a zango na farko ya yi asara, na uku ne zuciyar simfonin.

Bazazzage:

Duk wanda yake shakkar cewa madugu yana canja kiɗa, ya yi abin da na yi. Ka ɗauki mintuna uku na ƙarshen simfoni na 5 na Shostakovich, ka ji su a hannun Bernstein da makaɗan New York na 1959, sannan nan take ka ji su a hannun Mstislav Rostropovich. Gari ɗaya ne, hannun mai tuƙin tuwon ne ya bambanta. Bernstein da gudu yake shiga, nasara ce tsantsa, kana jin kamar ka miƙe tsaye. Rostropovich kuwa yana jan abin, masu goge suna nanata sauti ɗaya tak fiye da sau 200, har sai ka ji kamar ana dukanka ana cewa yi murna.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Janairun 1936 jaridar Pravda ta yi wa Shostakovich kaca-kaca a kan wasan opera ɗinsa, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa, a zamanin da irin wannan suka kan kai mutum kurkuku ko kabari. Ya janye simfoninsa na 4, wanda ba a ji shi ba sai 1961 a hannun Kirill Kondrashin. Na 5 ɗin shi ne ya dawo da shi, Mravinsky ya kaɗa shi a Leningrad ranar 21 ga Nuwamba 1937, mutane suna kuka a zango na uku, tafi ya wuce rabin awa. To ƙarshen nan murna ce ta gaske ko ta dole? Ni ina tare da Rostropovich, abokin Shostakovich ne na kusa, kuma bayan zango na uku mai irin wannan baƙin ciki ban ga ta inda murna mai sauƙi za ta fito ba.

Ɗan Fagge:

Malam Bazazzage, ni kuma na Bernstein ɗin ba na iya yar da shi. Ya kaɗa shi a Mosko a shekarar nan ta 1959 Shostakovich yana zaune a zauren, har ya hau dandamali suka gaisa. Ina ganin takardar ta ɗauki duka biyun.

Ƙanwar Kowa:

Yayyena, ni sabuwa ce, duk waɗannan da kuke faɗa sun yi mini nauyi. Da wanne zan fara?

Malamar Lissafi:

Ƙanwata, fara da simfoni na 1 na Prokofiev, wanda ake kira Classical, na 1917. Kwata ɗin awa ne kawai, mai walwala. Daga nan ki nemi na 1 na Vasily Kalinnikov a hannun Svetlanov. Mutane ba su san shi sosai ba, tarin fuka ya kashe shi a Yalta a 1901 yana ɗan shekara 34, amma waƙar da ta buɗe simfonin da wuya ta bar kanki in kin ji ta sau ɗaya.

Ɗan Damagaram:

Ki ƙara da na 2 na Borodin, wanda malamin kimiyyar sinadarai ne, kiɗa a lokacin hutu yake rubuta shi. Amma shawarata a kan yadda za ki saurara ce. Na fara gwadawa a mota, hanyar Zinder zuwa Maraɗi, rabin kiɗan ƙarar inji ta cinye. Irin wannan kiɗa tazarar da ke tsakanin shirunsa da ƙararsa babba ce, ba kamar waƙoƙin da muka saba ba da sautinsu yake tsaye wuri ɗaya. In kin ƙara murya don ki ji shirun, ƙarar za ta firgita ki. In kin rage, shirun ya ɓace. Ki sami abin sauraro mai rufe kunne, ki sauke simfonin gaba ɗaya a waya don kada talla ta katse miki shi a tsakiya, ki bari sai dare bayan an kashe janareto. Kuma ki riƙa duba sunan madugu da shekarar ɗauka kafin ki danna, ba sunan mai rubutawa kaɗai ba.

Baba Injiniya, faya-fayan nan da kuka zo da su suna nan kuwa?

Tsohon Injiniya:

Suna nan ɗana, a tsaye na jera su cikin kabad, don zafin garinmu yana lanƙwasa faifai in an kwantar da shi an ɗora wani a kai. Akwai na 13 na Shostakovich, wanda ake kira Babi Yar, a hannun Kondrashin, wanda shi ya fara kaɗa shi a Mosko a Disamban 1962, da wasu na Svetlanov da dama. Allurar garmahon ce ta cinye, ban yarda in ɗora ta a kansu ba don kada ta kankare su. Jikana ya ce in an samu sabuwa zai haɗa na'urar da kwamfuta ya kwafe su. Duk wanda ya san inda ake sayar da allura ta kirki a Kano ko Kaduna ya sanar da ni.