Yaya ake samun gyara na gaskiya kan rahoton binciken yara a unguwannin Hausawan Legas?

Malamar Islamiyya, Agege:
Assalamu alaikum. Wata ƙungiya ta yi bincike kan yara 'yan talla a Mile 12 da Agege, ta fitar da rahoto da Turanci, ta tura fom a WhatsApp don a faɗi ra'ayi. Ba a samu komai ba sai "Allah ya saka da alheri". Ta wace hanya za a ji bakin iyaye da na yaran, har rahoton ya yi nauyi a gaban hukuma?

Baffan Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malama. Daga fom ɗin aka kuskure. Uwar da ta ɗora wa 'yarta talla ba za ta zauna karanta Turanci ba. A taƙaita rahoton da Hausa a shafi ɗaya, a karanta shi a saƙon murya da bai wuce minti 3 ba.

Kada a tambayi "ya kuka ga rahoton?", domin alkunya za ta sa a yabe ku. A ce: me muka faɗa wanda ba haka yake ba? Me muka tsallake? Cikin shawarwarin nan wacce ce ba za ta yiwu a unguwar nan ba, kuma me zai hana? Ta ukun ce ke fito da zancen kuɗin cefane da nisan makaranta.

Sannan a yi zama ido da ido, mutum 6 zuwa 8, mata daban da mace mai jagoranta, minti 45. Ɗaya na tambaya, ɗaya na rubutu. A Mile 12 kada a sa zaman da safe lokacin sauke tumatir da albasa, a bari sai bayan La'asar. A fara gaida sarkin Hausawa da liman, amma kada a zauna a fada, don ba mai musa magana a gaban manya.

Yaya Mai Aikin Jinya:
Baffa ya yi daidai, sai dai batun murya akwai haɗari. Kada amsa ta shigo cikin zauren WhatsApp, maƙwabta sun san muryar juna. A ware lamba guda, mutum ɗaya ke riƙe da ita, a goge saƙon bayan an rubuce shi ba suna.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 18, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ce ba a ɗaukar bayanansa sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. A nemi tasa yardar ma, ya san yana iya tashi duk lokacin da ya so. Binciken Hukumar Ƙidaya da UNICEF na 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, don haka a sa rai wani zai faɗi abin da ake yi masa. Kafin zaman a san inda za a kai shi: hukumar DSVA ta jiha mai yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, ko cibiyar Mirabel mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Kada a yi masa alkawarin ba wanda zai ji.

Malam Na Obalende:
A rubuta kowane gyara a layi ɗaya: abin da aka ce, an karɓa ko an ƙi, da dalili. Kowace shawara kuma a liƙa ta da Dokar Haƙƙin Yara ta Legas ta 2007, a ambaci wanda zai aiwatar, Ma'aikatar Matasa a Alausa ce ko SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. "Gwamnati ta duba" ba ta ɗaure kowa.

Malama, a kula: sashe na 30 na Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ya hana sa yaro talla a manyan tituna. Iyaye na tsoron kamu, shi ya sa suke yin shiru. A cire sunan layi da hoton fuska, a faɗa musu an cire, a koma cikin mako 4 a karanta musu abin da bakinsu ya sauya.