Jami'in ƙasa ya ce sauka, na'ura ta ce hau: wa matuƙi zai bi?

Nura: Salamu alaikum. Jiya mun yi musu da wani abokin aikina har muka tashi ba mu daidaita ba. Wai a dokar jiragen fasinja, idan jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage daga ƙasa ya ce wa matuƙi ya yi ƙasa, na'urar cikin jirgi kuma ta ce ya yi sama, na'urar ake bi. Ni ban yarda ba. Mutum mai hankali na zaune gaban rada yana kallon jirage duka, a ce a bar maganarsa a bi ta akwati?

Hadiza: Wa alaikumus salam. Nura, abokinka ne da gaskiya, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin dokar ta tsaya haka. Daren 1 ga Yuli 2002, a saman garin Uberlingen na kudancin Jamus, jirgin Tupolev na kamfanin Bashkirian na Rasha da jirgin kaya Boeing 757 na DHL suka doshi wuri guda, kowanne a ƙafa 36,000. Na'urar gargaɗin karo, TCAS, ta ce wa na DHL ya sauka, ta ce wa na Rasha ya hau. Da kowa ya bi, da sun wuce lafiya. Amma jami'in ƙasa da ke kula da su daga Zurich ta Suwizalan, Peter Nielsen, ya umarci na Rasha da ya sauka. Suka bi shi. Jirage biyu suka riƙa yin ƙasa tare har suka haɗu. Mutum 71 suka rasu, akasarinsu 'yan makaranta daga Ufa da za su hutu Sifen.

Nura: Inna lillahi. To Anti, me ya hana jami'in sanin abin da na'urar ta faɗa?

Hadiza: Ba ya ji, ba ya gani. Na'urorin jiragen biyu ne ke magana tsakaninsu, su raba aiki cikin daƙiƙoƙi: kai hau, ni in sauka. A lokacin, na ƙasa ba zai sani ba sai matuƙi ya faɗa masa ta rediyo. Matuƙan DHL sun faɗa, amma Nielsen bai ji ba, domin a lokacin yana fama da wani jirgin da ke shirin sauka a Friedrichshafen.

Malam Sabi'u: Hadiza, 'yata, na ji bayaninki, amma mu da muka manyanta akwai abin da ba mu manta ba. Ranar 7 ga Nuwamba 1996 ina Legas, ina shago rediyo na gefena aka ce jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal ya ɓace. Muka rufe shago da wuri, kowa na tambayar ko yana da wani a ciki. Daga baya aka gano ya faɗa ruwa a Ejirin, wajen Epe, da mutum 144, har da Farfesa Claude Ake. Me ya faru? Wannan na'urar ce ta yi gargaɗi, matuƙin ya yi yunƙurin kauce wa wani jirgi, jirginsa ya ƙwace masa. Shi ya sa har yau zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Hadiza: Allah ya jiƙansu, Baba. Sai dai da izininka, TCAS ba ta taɓa cewa a karkata dama ko hagu. Hau ko sauka kawai take cewa, kuma a hankali. Jirgin ADC karkacewa ya yi fiye da kima har ya fi ƙarfin matuƙan. Kuma binciken ya ɗora tushen matsalar a kan yadda aka raba jiragen daga ƙasa tun farko. Kwana biyar bayan nan, 12 ga Nuwamba, jirgin Saudiyya Boeing 747 da wani Ilyushin na Kazakistan suka yi karo a Charkhi Dadri kusa da Delhi. Babu TCAS a ko ɗaya. An ce wa na Kazakistan ya tsaya a ƙafa 15,000, ya zarce ƙasa zuwa inda na Saudiyya yake. Radar Delhi a lokacin ba ta nuna tsayin jirgi. Mutum 349, yawancinsu masu tafiya neman abinci Saudiyya. Har yau babu karon sama da ya kai shi muni.

Kabiru: Ni ina ganin ku duka kun tsaya a kan reshe. A 2006 a Barazil, Boeing 737 na Gol da ƙaramin jirgi Embraer Legacy duk sababbi ne fil, duk da TCAS. Amma na'urar da ke sanar da matsayin ƙaramin a kashe take, ɗayan bai gan shi ba, jami'an ƙasa kuma suka bar su a hanya ɗaya, ƙafa 37,000, suna fuskantar juna. Mutum 154 suka tafi. Na Washinton kuwa, 29 ga Janairu 2025, jirgin fasinja da helikwaftan soja sun haɗu ne dab da ƙasa, inda dama an tsara na'urar ta daina ba da umarnin hawa ko sauka. Mutum 67. To ina na'urar ta cece su?

Hadiza: Kabiru, ban ce tana maganin komai ba. Cewa na yi idan ta yi magana, ita ake bi. Magana biyu ce daban.

Hajiya Binta: Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne Nielsen ɗin nan. Shi kaɗai aka bari a kan tebur biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa, ana gyaran na'urori a daren, babban layin waya ba ya aiki. Jami'an ƙasa na Karlsruhe a Jamus sun hango haɗarin a radarsu, suka yi ta kira bai shiga ba. A Fabrairun 2004 Vitaly Kaloyev, wanda ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a haɗarin, ya je har gida ya daɓa wa Nielsen wuƙa. Sai a 2007 kotun Suwizalan ta samu ma'aikata huɗu na Skyguide, kamfanin da Nielsen ya yi wa aiki, da laifin sakaci. Nura, mutumin da kake so a bi ke nan: ɗan Adam guda, tsakar dare, da aikin mutum biyu a kansa.

Malam Sabi'u: Wannan kam gaskiya ce, Hajiya. Amma ni dai ina nan a kan cewa matuƙin da ba a horar da shi sosai ba, ƙarar na'ura na iya firgita shi ya yi abin da ya fi karon muni.

Hadiza: A nan ba ni da ja, Baba. Matuƙan Rasha ma ba ganganci suka yi ba. Sun yi ta muhawara a tsakaninsu, ɗaya yana cewa na'ura ta ce a hau, amma horon da suka samu bai fayyace musu cewa ita ce gaba da jami'i ba. Shekara ɗaya da rabi kafin nan, a Janairun 2001, irin wannan saɓanin ya kusa haɗa jiragen Japan Airlines biyu masu ɗauke da mutum sama da 600. Sai bayan Uberlingen hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta gyara ƙa'idar ta fito ƙarara.

Nura: Na sauka daga kan maganata ta farko, zan je in faɗa wa abokina. Amma abin da Yaya Kabiru ya kawo bai bar ni ba. Idan jirgi na gab da sauka, na'urar ta yi shiru, jami'in kuma aiki ya yi masa yawa, wa ya rage? Anti Hadiza, ina jiran amsarki a kan na Washinton.