Sabon ma'aikaci a Legas: lokacin sallar Juma'a da karo-karon ofis

Baƙo daga Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a Legas, musamman masu aikin ofis. Ban daɗe da kama aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani da ke Victoria Island ba, kuma har yanzu ina cikin watannin gwaji. A Agege nake zaune wurin kawuna, saboda haka da zarar an idar da sallar asuba nake kama hanya, domin idan na makara, cunkoson gadar Third Mainland zai cinye mini safiya.

Damuwata ta farko ita ce shugaban sashenmu ya tsayar da taron mako-mako ranar Juma'a da ƙarfe 1 na rana, kuma ina jin nauyin tunkararsa alhali ba a tabbatar da ni ba. Ta biyu kuwa karo-karo ne. Kusan kowane mako sai an zagayo da takarda, yau ankon bikin ƙanwar wani, gobe taya wata murnar ranar haihuwa, ga kuma adashen da ake matsa mini in shiga, alhali kuɗin mota kaɗai yana cin kaso mai yawa na albashina. Bayan haka, wata abokiyar aiki ta sanar da ni cewa ana ganin ina da girman kai saboda ba na yawan magana. Yaya zan yi?

Tsohon ma'aikaci daga Idi-Araba ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a aikin. Matsalarka ta farko da ta ƙarshe asalinsu ɗaya ne. A gida an tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, yaro ba ya yawan surutu a gaban manya, kuma idan yana da buƙata yakan jira a lura da ita. A ofisoshin Legas babu mai lokacin lura da kai. Wanda ya yi shiru ana ɗauka ko dai ba shi da damuwa, ko kuma ya raina mutane.

Game da Juma'a, kada ka bari sai ranar ta zo sannan ka tashi tsam ana tsakiyar taro. Ka same shi ranar Litinin ko Talata, lokacin da yake shi kaɗai, ka gaya masa ƙarfe nawa za ka fita, ƙarfe nawa za ka dawo, da kuma yadda za ka rama lokacin. Idan akwai rahoton da kake gabatarwa a taron, ka ce za ka ajiye masa a tebur tun da safe. Shugaba ya fi saurin amincewa da wanda ya zo masa da mafita a hannu. Kafin ka je, ka bincika ko akwai Yarabawa Musulmi a kamfanin, domin da wuya ka rasa su, tun daga direbobi da masu gadi har manyan jami'ai. Su ne za su nuna maka inda suke sallar azahar da la'asar, da masallacin Juma'ar da ya fi kusa, tunda zuwa babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe da dawowa zai iya cin lokaci idan hanya ta cushe.

Gaisuwa kuma ka ba ta muhimmanci ƙwarai. Bayarabe yana kula da girma da shekaru kamar yadda muke yi, wataƙila ma fiye. Idan ka shigo da safe ka bi tebur-tebur ka gaida mutane, kada ka kira wanda ya girme ka da tsurar sunansa ko da kana gaba da shi a muƙami, kuma ka koyi gaisuwar safe da ta sannu da aiki da harshensu. Karo-karo kuwa, a ganina ka daure ka riƙa bayarwa duk lokacin da aka zo, ko da kaɗan ne, saboda da shi ake gane wanda ke cikin jama'a.

Wata mai aiki a sashen kula da ma'aikata, Ikeja, ta amsa:

Baba ya yi magana mai kyau, kuma na yarda da shi a kan Juma'a da gaisuwa. Amma ina neman afuwarsa, ban goyi bayan a ce ka biya duk abin da aka kawo ba. Na sha ganin sababbin ma'aikata da suka shiga bashi tun kafin albashinsu ya zauna, don kawai suna jin kunyar cewa a'a. Ka rarrabe abubuwan nan, Malam. Gudummawar rasuwa, rashin lafiya ko haihuwa, wannan zumunci ne, ka bayar gwargwadon hali ba tare da an roƙe ka ba. Anko kuwa ba dole ba ne, kana iya halartar biki da kaftaninka mai tsabta, ka miƙa ɗan abin da ka samu a ambulan, kuma babu mai hankalin da zai zarge ka. Adashe shi ne wanda nake jan kunnenka a kansa: kada ka shiga sai an tabbatar da kai, domin sabon shiga galibi shi ake bai wa kwasar ƙarshe, kuma idan aikin bai ɗore ba, karɓo kuɗinka zai zama wahala.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi anko muhimmanci. Ka tabbatar kana riƙe da takardar ɗaukar aiki da ta fayyace albashi, lokutan aiki, hutu, tsawon gwaji da wa'adin sanarwa idan za a rabu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi a bai wa ma'aikacin da ta shafa sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa. Ka kuma duba takardar albashinka: a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ɓangarenka, kamfani kuma ya ƙara aƙalla kashi 10, kuma ya kamata ka ga kuɗin suna shiga asusun fanshonka. Idan shugabanka ya amince da batun Juma'a da baki, ka tura masa gajeren saƙon imel na godiya wanda ya ambaci lokacin da kuka yi ittifaƙi a kai, saboda shugabanni suna canjawa, magana kuma tana tashi.

Mazaunin Agege ya amsa:

Ɗan uwa, ni a kan hanya zan yi magana, domin gajiya ma tana sa mutum ya zama shiru-shiru a ofis. Jirgin ƙasan cikin gari da ake kira Red Line, wanda ya fara jigilar fasinja a watan Oktoba na 2024, yana tashi daga Agbado ya tsaya a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi har Oyingbo, kuma da katin Cowry ake biya, irin wanda ake amfani da shi a manyan motocin bas na BRT. Ka je tashar ka duba lokutan tashinsa, idan sun dace da naka, daga Oyingbo sai ka hau mota zuwa Victoria Island. Sannan ka daina cin abincin rana kai kaɗai a teburinka. Idan kawunka ya samu mai zuwa daga gida, ka sa a kawo maka kilishi ka raba wa 'yan sashenku.

Baƙo daga Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka, na kuma gano cewa mataimakin shugaban sashenmu Musulmi ne, ya ce zai raka ni mu yi maganar tare ranar Talata. Hajiya, takardar da aka ba ni ba ta ambaci tsawon gwaji ba. Shin in tambaya yanzu, ko in jira?

Mai aiki a sashen kula da ma'aikata ta amsa:

Ka tambaya yanzu, amma kada ka haɗa ta da maganar Juma'a a rana ɗaya. Ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata cikin ladabi, ka ce kana son sanin ranar da gwajin zai ƙare da abin da za a duba kafin a tabbatar da kai, sannan ka adana amsar da suka ba ka.