Ampili Sansui AU-717 ya ƙi sakin sauti, ina neman taimako

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu gyaran rediyo da kayan sauti. Daga Yamai nake. Ina da tsohon ampili ƙirar Japan, Sansui AU-717 na wajen 1977, mai wat 85 kowane ɓangare. Kafin ya tsaya, in aka sa kaset ɗin goge ko na kalangu, kowane kiɗa daban kake jinsa. Ampilan yanzu marasa nauyi ba su kama ƙafarsa ba, shi ya sa na ƙi rabuwa da shi.

In na kunna, jar fitilar kariya sai ta yi ta ƙiftawa, rele, wato makunnin da ke haɗa ampili da bafa, ba ya yin ƙaras balle sauti ya isa bafa. Fizibil lafiya lau, manyan taransistocin fitarwa ma na auna, ba wanda ya ƙone. Na auna DC, wato tsayayyar wuta da bai kamata ta fita zuwa bafa ba: a ɓangaren hagu kaɗan ne, amma a dama ya haura volt 2, kuma juya ƴar resistans ɗin saiti ba ya sauko da shi. Na kuma ga gam ɗin da kamfani ya manna kondansatoci da shi ya yi baƙi, har ya ci ƙafafun wasu diyod.

To malamai, daga ina zan fara? In kankare gam in canza duk kondansatocin, ko in bi ƙananan taransistocin shigarwa na dama tukuna? Kuma a Katako ko Babbar Kasuwa, yaya ake gane taransisto na asali da jabu? Wani ya ce in haɗe rele da waya kawai, na ƙi, don DC zai ƙone mini bafa.