Dajin Falgore zai iya farfaɗowa kuwa?

Baffa Lawan: Salamu alaikum. Na ga ana shirin kai yara Falgore a hutun nan wai su ga namun daji. Ku daina wahalar da kanku. Dajin da mafarauta da masu gawayi suka cinye ba ya dawowa. A kai su gidan zoo na Audu Bako a huta.

Rabi: Wa alaikumus salam, Baffa. Ai zoo ɗin sun sha zuwa. Dabba a keji daban, dabba a dawa daban.

Nura: Baffa, a yi mini afuwa, a nan kam ban bi ka ba. Akwai gandun Zakuma a kudu maso gabashin Chadi, kusa da Am Timan. Daji ne irin namu, ciyawa da ƙaya da fadama. A 2002 giwayensa sun haura 4,000. Mahara kan dawakai suka riƙa shigowa daga ɓangaren Sudan saboda haure, zuwa 2010 saura kamar 450. Don tsabar firgici giwayen har haihuwa suka daina. A shekarar ce gwamnatin Chadi ta damƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks mai kula da gandun namun daji. Yau giwayen sun wuce 500, ga 'ya'ya suna bin iyaye, ga raƙuman dawa da ɓauna garke-garke.

Baffa Lawan: Nura, kuɗin Turawa ne ya yi wannan. Wa zai zuba mana su a Doguwa, inda dajin Falgore yake?

Nura: Kuɗi sun taimaka, Baffa, ba na musu. Amma masu gadin 'yan ƙasar ne, kuma da ransu suka biya. A 2012 an far wa wasu daga cikinsu suna sallar asuba aka kashe su, sauran ba su watse ba. Abin da ya fi burge ni, an haɗa ƙauyuka da makiyayan kewaye da rediyon oba-oba, in sun ga baƙin mahaya su sanar. Mutumin da ake gina wa ɗansa makaranta saboda giwa ba zai nuna wa maharbi hanya ba.

Kawu Isa: Ni da nake bin hanyar Jos da mota bari in sa baki. Da, in ka wuce Tudun Wada ka shiga dajin, sai ka rage gudu birai su gama tsallaka titi, zabin daji kuwa ba a magana. Yanzu buhunan gawayi ne jere a bakin hanya, an toshe bakinsu da ganye, kuma mu 'yan birni ne masu saye. Duk mai shayi da mai tsire a Kano da hannunsa a ciki. Yaya Lawan yana da gaskiya ta wannan fuskar.

Rabi: To Kawu, ba a 2020 aka amince a mayar da Falgore gandun ƙasa, wato na gwamnatin tarayya, ba, tare da su Kogo na Katsina da fadamar Haɗejiya?

Baffa Lawan: Sa hannu a takarda ba ya dawo da gwanki, 'yata. Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999. Wa ya isa ya je yawon buɗe ido can yau?

Nura: Wannan ta Kamuku ta yi mini nauyi, Baffa, don tsaro ne gaba da komai. Amma hujjar ta nuna ba a tsare ba ne, ba ta nuna ba zai yiwu ba. Dubi raƙuman dawan Kure a Nijar, kusa da Yamai. A 1996 saura 49, a cikin gonakin mutane suke kiwo, ko shinge babu. Yanzu sun haura 600.

Kawu Isa: Sai dai can akwai sauran irin da zai hayayyafa. Abin da nake son sani, me ya rage a cikin Falgore? Wa ya shiga ya ƙirga?

Rabi: To yaran fa? Zakuma ya yi nisa, kuma da damina ruwa ke shanye shi, sai rani ake shiga.

Kawu Isa: A kai su Yankari bana, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, in da rabo su ga giwa a bakin kogin Gaji. Mu bi ta Ningi.

Nura: Na yarda, amma a dawo ta Jos da rana, su ga Falgore da idonsu.

Baffa Lawan: In za a bi ta dajin nan da jikokina, sai an fara tambayar direbobin tasha halin da hanyar take ciki.